Rusunawar Paijo

Tun da aka sauko da abokin aikinta saboda ciwon ƙoda, Sekar ta rage ita kaɗai a tashar sararin samaniya, sai mutum-mutumin da ke taya ta aiki, wanda suka laƙaba wa suna Paijo.

Paijo ba ya hira. Ya ɗaure noti, ya miƙo sifana, shi ke nan. Amma ba ya giftawa ta gaban mutum sai ya rusuna, hannun dama a ƙasa. Ba wanda ya tsara masa haka. Marigayi Pak Darmo, dattijon da ya sa rigar na'ura a birnin Bandung ya koya masa motsi, mutumin birnin Solo ne, kuma mutumin Solo ko gobara ake yi ba zai wuce ka a miƙe ba. Ƙarfe ya kwashe har da ladabin. A inda babu sama babu ƙasa abin dariya ne, amma Sekar wuni take tana jiran ya gifta. Kaɗaici ya ci ta har takan tare masa hanya da gangan.

Ran nan ya rusuna, gwiwar hannunsa ta bugi famfon iska. Da ƙyar ta rufe shi.

"Mbak Sekar," in ji Hendra, injiniyan da ke kula da tashar daga ƙasa (Mbak da Mas a wajensu kamar a ce Yaya ne), "saurayin naki ya kusa kashe ki da ladabi. Mun turo gyaran da zai goge masa rusunawar, ki danna kawai."

"Mas Hendra, a matsar da famfon mana."

"Kujerar falo ce?"

"To a bar masa rabi, ko kai ne ya riƙa duƙarwa."

"Ba awarar tempe ba ce da za a yanka, Mbak. Ko duka ko babu. Iskar da kike shaƙa ce fa."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta ji haushinsa. Ta sa Paijo ya kai sifana ƙarshen lungu, ya rusuna ya wuce. Ta sa ya dawo da ita. Sannan ta danna, Paijo ya ɗauke wuta na ɗan lokaci.

Da ya farka aikinsa ya ƙara sauri, Hendra har da tafi. Paijo ya taso ɗauke da matatar ruwa, Sekar ta riƙe ƙarfe a tsakiyar lungun tana jira. Ya auna tazarar da ke tsakaninta da bango, ya wuce a miƙe, yadda yake wuce buhun shara.

"Mbak? Komai lafiya?"

"Lafiya lau," ta ce. "Yanzu kam ni kaɗai ce."