Dutsen Gwaggo Ba Ya Nutsewa

Tun da ta warware takardar, Gwaggo ta ji hannunta ya ƙi dutsen. Ramuka dai ga su nan kamar na nata, amma wannan baƙi ne mai ja-ja, ga nauyi. Nata fari-fari ne, marar nauyi, wanda marigayi mijinta direba ya kawo mata daga wata doguwar tafiya don goge kaushi. Shekara ashirin da shida yana yawo a saman ruwan bokitinta. Ta jefa wannan, ya tafi ƙasa tsulum.

Ɗan wanta ne ya ari nata, malamin kimiyya, wai kwana biyu zai nuna wa ɗalibai. Sai bayan wata uku ya aiko da wannan.

Ta aika masa, ya ce ruwa dutsen ya sha, shi ya sa ya yi duhu. To. Ta shanya shi kan kwano kwana huɗu, ta sake jefawa. Tsulum.

Ta yafa mayafi sai makarantar. A ɗakin gwaji ta same shi tsakanin kwalabe, yana goge allo.

"Gwaggo! Da kanki? Ai da kin aiko."

"Na aiko, ka aiko min da ƙarya. Me ka ba ni?"

Ya yi dariyar yaƙe. "'Yan uwan juna ne fa. Duka daga dutse mai aman wuta suka fito. Naki kumfar saman ce, ta daskare da iska a cikinta, shi ya sa yake tasowa. Wannan ya fi yawan ƙarfe a jiki, ramukansa manya, ruwa na shiga. Amma aikinsu ɗaya."

"Ɗaya? Dubi dugadugina, ya yanka ni kamar gwangwani. Kuma ashe ka san biyu ne. Ina ruwan da ka ce ya sha?"

Idonsa ya gudu zuwa kabad ɗin gilashi, nata ya bi shi. Duwatsu a jere, kowanne da 'yar takarda a gabansa. Ga nata can a tsakiya, da gefen nan da ƙafarta ta cinye har ya yi sumul.

"Gwaggo, irinsa ba ya samuwa a nan," ya ce ƙasa-ƙasa. "Na nema na gaji. Yara ɗari biyu ke karatu da shi, ke kuma ƙafa kawai..."

"Kawai? Ƙafar ubanka ce?"

"Ki bar mana shi, in rubuta sunanki a ƙasa, kowa ya san kyautarki ce."

"Ni da ban iya karatu ba? Wanda ya musanya min dutse ido biyu, ina na san abin da zai rubuta? Da ka roƙa tun farko, wataƙila da na raba shi biyu. Buɗe."

Ya daɗe yana laluben makulli, wai kamar ya bar shi a ofis. Ta ja kujera ta zauna, ta ce ba ta da girki yau. Sai ga makulli a aljihun riga.

Ya ɗauko takarda zai naɗe mata.

"Kar ka naɗe min komai. Sa shi a tafina ina gani."