Mai Sauraro a Ƙofa ta 8080

Darren Prokop mutum ne mai baki, kuma bakin ya yi masa rana. Shi ne ya miƙe a taron ma'aikata a watan Mayu ya ce, "Ni fa a gaya mini, wane aiki Lorna take yi a kamfanin nan?" Bayan mako biyu aka sallami Lorna Bautista, bayan shekara goma sha ɗaya tana kula da kwamfutocin wannan kamfanin sayar da daskararren kifi na birnin Winnipeg. Darren ya gaji kujerarta a matsayin riƙo, da sharaɗin za a tabbatar masa da ita ranar da sabuwar manhajarsa ta karɓar oda ta fara aiki.

Ranar ta zo, wata Juma'a cikin zafin Yuli. Ƙarfe biyu zai nuna wa shugabarsu, Gail Friesen. Ƙarfe ɗaya da rabi manhaja ta ce ba ta san zancen ba.

Babbar kwamfutar kamfani tana da ƙofofi masu lamba, kowace manhaja takan kama ɗaya ta zauna tana sauraron saƙo, kuma biyu ba sa haɗa ƙofa. Tasa ya ba ta ƙofa ta 8080. Duk sanda ya tayar da ita sai ta faɗi, da amsa guda: akwai mai sauraro a nan.

Ya zargi waya, ya zargi katangar tsaron na'urar, har ya zagi kwamfutar. Sai a ƙarshe ya yi abin da ya kamata tun farko, ya tambayi na'urar wa ke riƙe da ƙofar. Wata 'yar manhaja ce, ba ta kai layi ɗari ba, shekara shida tana zaune. Sunan mai ita: lorna.

"Kai, matar nan!" ya ce da ƙarfi. "An kore ki ma ba za ki tashi ba?"

Canja wa tasa lamba ba zai ci masa minti biyu ba. Amma Darren bai ga dalilin da zai matsa wa wadda aka sallama ba. Ya kashe manhajar Lorna, tasa ta haye ƙofar.

Gail ta zo da kofin kofinta, ta ga oda na shiga tiryan-tiryan. "Ka fita kunya, Darren. Litinin ka zo ka sa hannu."

Litinin tun daga wurin ajiye motoci hancinsa ya ba shi labari. Wally, mai kula da sito, yana tsaye a bakin ɗakin sanyi na uku ya toshe hanci da hularsa.

"Ranka ya daɗe sabon oga," ya ce, "tun daren Juma'a injin ɗakin nan ya mutu. Da, da zarar sanyi ya ragu wayata take ƙara, in zo in taɓa shi. Wannan karon ko ƙyas. Kifi tan goma sha huɗu, ka shiga ka gaishe su."

Darren ya koma ya buɗe bayanan kwamfuta. Kowane minti ɗakunan sanyi suna aiko da ma'aunin sanyinsu zuwa ƙofa ta 8080. Ashe 'yar manhajar Lorna ce ke sauraronsu, ta buga wa Wally waya in sanyi ya ragu. Kwana biyu da rabi ɗaki ɗaya yana kuka, manhajarsa kuwa tana ba shi amsa cikin ladabi cewa ba ta gane wannan odar ba.

Gail ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye takardar da zai sa wa hannu a cikin durowa, ta tura masa wayar teburinta. "Kira ta. A gabana."

Bugu biyu Lorna ta ɗauka. Bai kai ga gaisuwa ba ta riga shi.

"Darren? Ɗaki na uku ne, ko?"