Wuƙar Kakana Ta Ƙi Fita

Alhamis. Yayyafi tun safe, iska daga teku.

...kuma ta ƙi fita. Na ja, na sake ja. Peigi matata, doguwar wuƙar kakana ta kafe a kube. Jibi ne auren Mairead, jikarmu. Da kanta ta roƙa: da wuƙar gidanmu za ta yanka kek, yadda uwarta ta yi, yadda kika yi. Na ce mata an gama. Ni da bakina.

Na dafe kuben da gwiwa, na murɗa. Ta fito tana kuka kamar ƙyauren tsohon garke. Ja. Ja wur da tsatsa daga tsini har ƙota, sai ka ce a gona aka tono ta. Ga ramuka ƙanana... Wannan? Wannan ce nake ratayawa a kan kilt, zanen nan namu na mazan Scotland, ina taku bayan masu busa sarewa?

Ai ba ta tsatsa. Wa bai ji haka daga bakina ba a ƙauyenmu Uig? Ƙarfen mutanen da ne, ba irin wanda ake sayar wa 'yan yawon buɗe ido ba. A mayar kube, a rataye a bango, shekara ta zagayo a zaro, tana walƙiya. Murdo maƙeri ya taɓa ce min fata na riƙe danshi, ba a barin ƙarfe ya daɗe a cikinta — na ce ya je kabari ya koya wa kakana.

Ishbel ta shigo da miyar kifi. Ƙanwarki, bakin nan nata yana nan. Ta dubi wuƙa, ta dube ni. Ko mamaki ba ta yi ba.

"Kai dai tsoho, girman banza. Wa ka zata yake shafa mata mai?"

Wa...?

Wai duk sa'ad da na hau tudu wajen tumaki, sai ki sauke ta. Ki goge, ki shanya kuben kusa da murhu, ki ɗiga mata man keken ɗinki, ki mayar a karkace yadda na bari. Na tambaya me ya hana ki faɗa. Wai cewa kika yi abin taƙamata ba shi da yawa, a bar min wannan.

Ƙamshin nan. Wayyo, ƙamshin. Na tara yara a ɗakin girki, na zaro ta, na ce kowa ya shinshina, haka ƙarfen kirki yake ƙamshi. Kina tsaye da butar shayi. Kina ji. Ba ki yi dariya ba... ko kin juya baya ne?

Man keke. Shi nake shinshina duk tsawon zamanmu.

Tun da muka kai ki makwanci babu hannun da ya taɓa ta. To me kuma? Me kuma a gidan nan na ɗauka da kansa yake tsaye? Ƙofar lambu da ta fara ƙara? Takalmana da suka tsage bana? Ni?

Ishbel ta ce a aro ta dangin ango, ba wanda zai lura. Mairead za ta lura. Ta san ƙotar nan tun tana rarrafe... Ban iya gyaranta ba, Peigi. Ban ma san ta inda ake farawa ba. Na gaji.

Juma'a da safe na buɗe akwatin kekenki. Ɗan gwangwanin man yana nan, saura kaɗan, da tsumma a naɗe. Na zauna bakin taga, na fara daga tsini. Jan yana fita. Ramukan ba sa fita. Da su Mairead za ta yanka kek ɗinta.