Riƙon Gora a Ƙasan Gada

Muna cikin sauko da shi daga adaidaita sahu, ni ta kafaɗa, Lukman ta ƙafa, Malam Garzali ya buɗe ido ya tambayi wa aka bari a bakin kogi. Lukman ya ce kowa na kan aikinsa. Muka shigar da shi zaure muka kwantar. Asibiti sun sallamo shi ne da magani a leda, suka ce a ci gaba da addu'a, kuma duk mun gane nufinsu.

Katanga ɗaya ce tsakanina da shi shekara goma sha tara. Shi ne shugaban masu haƙar yashi a ƙasan gadar Wudil, mutum ashirin da 'yan kai, masu nutso da bokiti su cika jirgi, jirgi ya kai gaɓa, tifa ta kwashe. Lukman mataimakinsa ne, magidanci mai 'ya'ya huɗu, wanda ya koyi komai a wurinsa har da yadda yake yin shiru.

Ban taɓa jin Malam Garzali ya ɗaga wa ma'aikaci murya ba. In mutum ya makara, ko ya yi zagi, ko ya cika jirgi fiye da ƙa'ida, ba ya ce masa uffan. Washegari sai ya miƙa masa gora, ya wuni a tsaye yana tokare jirgi, 'yan uwansa na nutso suna satar kallonsa. Kowa ya san mai gora mai laifi ne, kuma shi zai gano laifinsa da kansa. Na daɗe ina yabon wannan a majalisa.

Kwana uku da dawowarsa, bayan la'asar, Lukman ya zo dubiya. Malam ya yi ta tambayar mutanensa ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan Abdulbaƙi, Lukman ya ce tari ya matsa masa, in ya taso daga ruwa sai ya daɗe yana haki, shi ya sa ya ba shi gora yau kwana huɗu.

"Ka gaya masa dalili?"

"A'a, Baba. Ai zai gane."

Malam ya rufe ido har na ɗauka barci ya yi. Can ya tambaye ni ko na tuna Saifuddeen. Na tuna, don da ni aka ɗauki makararsa shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Saifuddeen ya bar aiki wurin Malam ya koma wurin masu yashi na gaba da su, bai yi sati biyu ba ya nutsa bai taso ba. Abin da ban sani ba shi ne abin da ya kore shi. Malam ya ce ya lura jiri na ɗibar Saifuddeen in ya fito daga ruwa, sai ya ba shi gora don ya huta. Sau biyu ya zo har zauren nan yana tambayar me ya yi, sau biyu Malam ya ce masa ba komai. Da ya cika sati ana kallonsa kamar ɓarawo, ya tafi inda za a bar shi ya nutsa.

"Kalma nawa ce? Ba ka da lafiya, ina tsoron kada ka mutu. Na kasa. Ana ta ce mini mai haƙuri, alhali nauyin baki ne kawai."

Na ce masa ajali ne, babu mai ƙara wa wani kwana. Ya juyo da ƙyar.

"Maƙwabci, na san ajali. Ba shi na tambaye ka ba. Kai dai ka yi ta tallata ni a majalisa kamar mai maganin basir."

Lukman ya yi 'yar dariya. Ya ce shi bai iya magana ba, irin ta Baba kawai ya iya.

"To je ka yi ta ba daɗi. Ka yi in'ina, ya ji haushi, ya zage ka in ya so. Ka dai faɗa."

Lukman bai faɗa ba. Washegari ya ce tifofi sun yi yawa. Jibin ya ce mini a ƙofar gida ya je har gaban Abdulbaƙi, sai ya ji kansa yana tambayar lafiyar iyali. A ranar kuma aka fara cewa Abdulbaƙi ya yi magana da mutanen gaba, Asabar zai koma can. Malam bai sake tambaya ba, don numfashi ya riga ya fi ƙarfinsa, amma duk wanda ya ɗaga labulen zaure sai ya bi shi da ido.

Ya rasu ranar Juma'a da hantsi, motocin shanu na ta wucewa kasuwar Kara. Suwaiba, maiɗakinsa, ta ce ruwa kawai ya nema. A maƙabarta kowa na cewa bai taɓa ɓata wa wani da bakinsa ba. Gaskiya ne, ni ma na gyaɗa kai, amma na kasa faɗa da bakina. Abdulbaƙi na can baya shi kaɗai, yana toshe tari da hula.

Asabar da sassafe, kafin a shimfiɗa tabarmin gaisuwa, na taka zuwa kogi. Ban san me zan yi ba in na tarar Abdulbaƙi ya tafi. Jirage sun riga sun shiga ruwa. A kan wani tsohon jirgi da aka kife a gaɓa na hango su biyu a zaune, akwai tazarar mutum guda tsakaninsu. Lukman na magana yana kallon ƙafarsa, ya tsaya, ya share fuska, ya sake farawa. Direban tifa ya danna hon sau biyu, da ya gaji ya kashe injin. Abdulbaƙi na riƙe da ƙullin kayansa a kan cinyarsa. Can sai ya sauke shi ƙasa, kusa da takalmansa.