Wanda Ya Koya wa Ashraf Keke

Ƙanena Ashraf bai san mahaifinmu ba, yana goye Allah Ya yi wa Baba rasuwa. Amma ranar nan a tsakar gidanmu na Tudun Wada, ya gyara zama a kan kujerar roba ya shaida mini da Turanci cewa mahaifinsa ne ya koya masa keke, a wani wurin shaƙatawa mai korayen ciyayi, kusa da tafki, yana sanye da hular kwano.

Na ce, "Wane tafkin? Na bayan layinmu da ake zuba shara?"

Ya ce, "Yaya Rauda, haka amsar take a intanet."

Ni malamar Turanci ce a wata sakandare a Gyallesu, shi ya sa aka ɗora mini wannan aiki. Ashraf ya karanta aikin jinya, yana son tafiya Ingila, kuma sai ya ci jarrabawar Turanci kafin a kalli takardunsa. Ya iya rubutu, sai dai a ɓangaren magana yake sha kashi, don ba ya magana, tilawa yake yi. Duk tambayar da ake hasashen za ta fito, ya haddace amsar wani Bature a kanta, har da wurin da ake ɗan murmushi. Idan ka katse shi a tsakiya sai ya koma farko.

Babban wanmu, Yaya Labaran, yana gefe ya kifa kekensa yana neman hujin tsinke a cikin robar ruwa. Da keken nan yake raba burodi a shaguna tun daga Tudun Jukun har cikin gari. A kan sandarsa Ashraf ya yi firamare gaba ɗaya, da wani tsumma naɗe don kada ƙarfe ya ci masa cinya. Yaya ba ya jin Turanci, amma ya ji ana ta maimaita sunan keke, sai ya ɗago.

"Zancen keke ake yi a jarrabawar Turawa?"

"Ana yi, Yaya. Suna tambayar wanda ya koya maka."

Ya saki tayar ya goge hannu a riga. "Ai sai ka ba su labarin faɗuwarmu a kwata. Ka tuna? Na sake ka, ka waiwayo ka ga ba na riƙe, ka kwashe mu duka biyun."

Na ce wa Ashraf ya ajiye wayar nan ya faɗa mini wannan labarin da Turanci. Ya yi ta noƙe-noƙe, sannan ya fara. Wallahi ban taɓa jin harshensa ya sake haka ba. Ya kawo tsumman, ya kawo warin kwatar, ya kawo yadda Yaya ya ɗauke shi a kafaɗa yana jan keken da hannu ɗaya, da yadda Inna ta rufe su da faɗa. Ya yi kuskure nan da can, amma duk mai jarrabawar da ya ji wannan ya san da mutum yake magana. Yaya Labaran yana ta gyaɗa kai kamar yana fahimta, duk inda ya ji sunansa sai ya washe baki.

Na ce, "Wannan ita ce amsarka."

Ashraf ya jira Yaya ya fita neman famfo, sannan ya rage murya. "Haba Yaya Rauda. In zauna gaban mutumin kirki in ce masa wana mai tallan burodi ne, mun faɗa kwata? Ai sai ya raina ni."

Na dube shi tun daga takalmin da Yaya ya saya masa har askin da yake yi wa laƙabi da na 'yan ƙwallo. Na ji haushi, kuma na faɗa masa. Na ce wanda zai raina ka saboda kwata bai kai wanda zai raina ka saboda kunyar ɗan'uwanka ba, kuma na biyun yana zaune a gabanka. Ya ce ni ban san yadda duniya take tafiya ba. Shi da iyakar tafiyarsa Kaduna.

Ranar da zai tafi Abuja jarrabawar, Yaya ya riga ya baza labari a masallacin layi cewa za a ambace shi a gaban Bature. Har mai shayin bakin titi ya taya shi murna.

Da yamma Ashraf ya kira ni yana cika yana batsewa. Tambayar keke ta fito. Ya ce ya zuba wa mai jarrabawar amsar tafki da hular kwano, bai yi tuntuɓe ko a kalma ɗaya ba. Na kashe wayar ban ce masa sannu ba.

Washegari da ya dawo, Yaya Labaran bai gama rabon burodi ba ya juyo gida. Ya jingina keken da bango, ya tsuguna gaban kujerar Ashraf yana haki.

"To, an tambaya?"

"An tambaya, Yaya."

"Me ya ce da ya ji zancen kwatar?"

Na ajiye tsintsiyar da ke hannuna ina jira. Ashraf bai ko kalli inda nake ba.

"Dariya ya yi ta yi, Yaya. Har sai da ya cire tabarau. Ya ce lallai wan nan naka jarumi ne, in gaishe ka."

Yaya ya yi dariya har da ƙwalla. Ya ce ina amsawa, ina amsawa, ya dafa kan Ashraf ya sa masa albarka, ya haye kekensa ya nufi wurin mai shayi don ya kai musu labari da ɗuminsa.

Tun da na fara koya wa yaron nan magana, ranar ce kaɗai na ga ya amsa tambaya daga kansa, babu hadda, babu in-ina.