Ganyen da Lantana ta Soya wa Gajere

"Zubar da shi, Lantana."

"Yaya Malam, kai ka kwana da kukansa ko ni?"

Ni ɗibar garwashi ta kai ni gidan, ko da yake murhuna na ci. Katanga ɗaya ta raba mu, kunnena kuwa bai tsufa ba.

Gajere mahauci ne a kasuwar Talata, nan Mafara. Wani ƙulli ya fito masa a ciki, ya tsotse shi har ya koma kamar sanda. Sai wani bafatake ya ba matarsa Lantana busasshen ganye, ya ce daga Masar ya fito, hashisha ake ce masa. Takan soya shi da man shanu ta dama a kunu. In ya sha, ido ya yi jajir, ciwon ya lafa, ya yi ta dariya yana neman tuwo. Amma fa sai ya dinga gaida shanu a bakin ƙofa, shanun da babu mai ganinsu sai shi.

Wansa Malam Jafaru ya taso takanas daga Bakura.

"Tun zamanin Shehu aka hana abin da ke gusar da hankali. In alƙali ya ji, bulala ce. Wannan duk mai sauƙi ne. In mutuwa ta iske shi a buge, da wane baki zai yi shahada?"

Ya kifar da ƙwaryar kunun.

Washegari hankalin Gajere ya dawo sarai, ciwon ma ya dawo. Ya ciji tabarma har ya fasa leɓe. Malam na laƙƙana masa kalma, shi ko numfashin faɗinta ba shi da shi. Da Malam ya fita sallar azahar, Gajere ya kama gefen zanen matarsa.

"Ɗan kaɗan, Lantana. Don Allah."

Ta dube ni. Ni kuwa na dubi rufin ɗaki. Ta jawo sauran ganyen daga cikin tukunyar daddawa, ta dama masa.

Malam ya dawo ya tarar da ƙaninsa shiru, fuska a sake. Ya duƙa, ya ga idon ya yi jajir. Ya kai baki kunnensa.

"Gajere, ce La'ilaha illallahu."

Gajere na kallon ƙofa.

"Ku matsa musu, sun yi yawa. Ga farin bijimin Damri da na yanka a gaba. Yau shi ke riƙe da igiyar."

"Gajere, La'ilaha..."

Ya ɗaga haɓa, ya miƙe wuya, yadda na sha ganin yana miƙe na bijimi a mayanka.

"Bismillahi, Allahu akbar," ya ce a hankali.

Shi ke nan.

Lantana ta rufe masa ido. Ta ce, "Yaya Malam, ai sunan Allah ne ya cika da shi. Ko bai isa ba?"

Malam Jafaru ya daɗe yana kallon wuyan ƙaninsa. Ya tashi, ya fita, ya bugo ƙyauren da ƙarfi.

Babu iska ranar. Amma muna zaune ƙyauren ya sake buɗewa sannu a hankali, ya tsaya a wangale, faɗin da sa zai iya wucewa.