Hannun Tan Marikita

Gara in amsa laifina tun da wuri: ina cikin abokan aikin da suka zuga Benigno Quichocho ya karɓi takardar nan, don kawai kada a miƙo mini ita.

Shekararsa ashirin da biyu yana aikin kashe gobara a kudancin Guam. Gobarar ƙarshe da aka kira shi ta kwandon shara ce, ita ma ruwan sama ya riga shi. Ainihin aikinsa tuƙa motar asibiti: kai wannan wankin ƙoda, ɗauko wancan daga hoton ƙugu. Motar ɗaya ce tal a tashar, kuma doka ta ce ba ta fita sai da mutum biyu. Su yini su kwana a bakin aiki, lokacin tashi ya yi a ce babu mai canjinsu.

Ta biyun ita ce Remedios Taimanglo, uwar yara biyu, wadda ta fara barci a tsaye. Da shugaban tasha ya ce duk majinyacin da ke iya zama a kujera danginsa su sa hannu a takarda su riƙa kai shi da kansu, sai ta dubi Benigno.

"Tsoho, tsohuwar nan Tan Marikita ce ta farko. Wankin ƙoda sau uku a mako, awa biyar-biyar. Ranar Asabar muna can muna gadinta ɗan Pangelinan ya faɗo daga bishiyar kwakwa, sai a bayan akori-kura aka kai shi. In muka sake ɗaukarta, na ajiye aiki."

"Haba ƙanwata, miƙa mata takardar ai minti biyu ne. Ni da na shiga wuta?"

"Yaushe? Kafin a haife ni?"

Ranar Litinin da hantsi suka isa. Tsohuwar na zaune a baranda da jakarta a cinya, ta sha hoda kamar mai zuwa coci. Benigno ya yi niyyar tsayawa daga nesa ya yi magana irin ta ma'aikaci. Amma ta miƙo hannu, kuma ba a haifi ɗan ƙauyen da zai bar hannun tsohuwa a iska ba. Ya sunkuya, ya kai bayan hannun ga hancinsa, yadda ake gaida manya a can.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan Chai," in ji ta, tana kiransa da sunan uwarsa. "Ka rame. Matarka ba ta dafa abinci ne, ko hanyar gidan ka manta?"

"Nana, akwai wata 'yar magana..."

"Ci tukuna. Ni na yi wa uwarka wankan gawa, ba zan bari ɗanta ya bi ta da yunwa ba."

Aka kawo jar shinkafa da kaza mai lemon tsami. Ya ci, takardar na jiƙewa da gumi a aljihunsa. Babban ɗanta Isidro, wanda zai sa hannun, yana tsaye yana ƙara masa shinkafa.

"Wace magana ce, ɗana?"

Benigno ya waiga. Remedios ta jingina da mota, ta ƙi shigowa, don ta san abin da hannun nan ke yi wa mutum.

"Cewa zan yi... yau a gefen taga za a kwantar da ke, Nana."

Suka ɗauki Tan Marikita, Remedios ta zauna da ita a baya. Ta auna jinin tsohuwar, ta gyara mata bargo, har ta yi dariyar labarin da ta ji sau ɗari. Da suka koma tasha ta cire rediyonta ta ajiye a tebur a hankali.

"Kazar ta yi daɗi?"

"Gishiri ya ɗan yi yawa."

"To, sai wata rana, tsoho."

Ba a samu wanda zai maye gurbinta ba, motar ta zauna a rumfa. Ranar Laraba Isidro ya kai uwarsa asibiti a motarsa, suka isa da sauran minti ashirin kafin lokacinta.